Hanya Fes, Babu Kowa a Baya

…ba ƙafar ba ce, iska ce. Iskar Janairu, wa bai san halinta ba? Ta taso daga teku ta dinga ture mutum kamar aiko ta aka yi. Feda ɗaya… feda biyu. Zenaida tana danna giyar keke, giyar kuwa ta ƙare tun ɗazu, babu wata mai sauƙi ƙasa da wannan, amma yatsan bai haƙura ba, sai dannawa yake. Ƙas. Ƙas. Babu komai.

Ina rigar rawaya? Ɗazu tana nan, a kwanar da ake hango jiragen masunta. Rigar Aristides mai kemis, shi da tumbinsa, mutumin da ko matakalar coci ya hau sai ya nemi benci. Shi ne na sha bakwai. Ita ce ta sha takwas. Su sha takwas suka taso daga Barranquilla ƙarfe shida, ta ƙirga su a bakin gidan mai, ta sake ƙirgawa a Puerto Colombia… shekara talatin da ɗaya tana ƙirga kawunan yaran firamare, ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba. Sha takwas. Sau biyu bakinta ya kai sha tara kafin ta kama shi.

Sha tara kai ne, Evaristo. Kai da ka kwanta dama abinka sati uku ke nan, ka bar mutane da tudu.

'Yar tsintsiyar kaba tana nan ɗaure a bayan sirdinta, tana jin ta tana shafar ƙarfe, shaf, shaf, duk lokacin da taya ta hau tsakuwa. Shekara goma sha ɗaya tana nan. Haka Kunkuru suke tafiya — Kunkuru, sunan da suka sa wa ƙungiyar don kada wani ya riga su zagin kansu — Wilfrido a gaba da usur ɗinsa, mai tsintsiya a can baya, sauran jama'a a tsakiya, kowa da halinsa. Wanda tayarsa ta sace, wanda jiri ya kama, wanda barasar Juma'a ta tashi masa a hanya, tsintsiya ce ke tsaya masa. Aikin guda ne: bayan mutum na ƙarshe kada ya ɓace mata. Kuma a rumfar Santa Verónica ba a taɓa kifi sai ta iso. Ko an soya, ko ya huce, ko Aristides yana kuka. Sai ta jingine keke, ta zare tsintsiya, ta share bakin rumfar sau uku, ta ce hanya fes, babu kowa a baya. Sannan tafi. Sannan cokali.

Ina rigar rawaya?

Kwanar ce ta ɓoye shi. Yanzu in ta sha kwana… ta sha. Kwalta ce miƙe, tana hawa, tana ƙyalli, wata akuya a gefe tana cin kwali. Babu rawaya. Babu kowa.

To ai sauri yake yau. Yunwa ce. Mai tumbi in ya ji ƙanshin shinkafar kwakwa ko babur ba ya kama shi. Ba komai ba ne. Feda. Feda… gwiwar hagu tana magana, a bar ta ta yi. Zuciya a cikin kunne, dum, dum. Gishirin gumi a ido. Wa ya ce a sa wa mutum hular kwano a wannan rana? Wilfrido. Komai Wilfrido.

«Seño, yanzu kam kin huta.» Seño, wato malama, haka suke kiran ta, kamar yadda ake ce wa dattijo Don. Wilfrido ke nan, ranar Laraba, a farfajiyar gidansa, bayan an gama addu'ar kwana tara da 'yan kwanaki, kowa da kofin kofi a hannu. «Allah ya ji ƙan Don Evaristo, amma ya wahalar da ke. Yanzu babu mai riƙe ki.» Bai kalle ta ba da ya faɗa. Kofinsa yake kallo, kamar ƙuda ya faɗa ciki. Sai ga Yuleidis, wannan mai ƙafafu kamar taɓarya, wadda ke hawa tudu tana amsa waya: «Seño, in bayan ya ishe ki, ni fa ina so. Ko na 'yan makonni.» Ina so! Ji min yarinya. Shekara talatin da biyar, a ce ba yarinya ba ce, amma ai shekarar da aka haife ta Zenaida tana riƙe da alli. «'Yata, ki bari in mutu tukuna, sai ki ɗauka a kan akwatin.» Aka yi dariya. An yi dariya, ko? An yi. Gajeruwa.

Ba tun yau ba take harin tsintsiyar. A asibiti ma… ranar da Zenaida ta kai maka romon kaza, Evaristo, wanda ba ka sha ba. Ta tura ƙofa, ga Yuleidis a bakin gadonka, kanta sunkuye kusa da bakinka, kana magana ƙasa-ƙasa, hannunka a kan ƙirji. Kuka gan ta, kuka yi tsit. Irin tsit ɗin 'yan aji huɗu in malama ta shigo. Me kuke ƙullawa? Har da kai? Shekara huɗu ina jiran ka a kowane tudu, ka saka min da rabon gadon tsintsiyata tun ina da rai? Ba ta faɗa ba. Ta ajiye romon, ta gyara maka filo. Amma abin ya tsaya mata a rai, har ranar da aka rufe ka yana nan.

Babbar mota. Huuum — iskar ta kaɗa ta, kan keken ya yi rawa, ta riƙe. Ɗan banza, ko hon babu.

Dokar dai doka ce, kuma ita ta fi kowa sanin ta. Tsintsiya tana makara saboda wani. Ranar da ta makara saboda kanta, ko aka koma neman ta, ko ta shiga motar kayan ƙungiya, ranar za ta kwance ta miƙa. Ai haka ta karɓa. Tsohon da ke riƙe da ita a da, ranar da aka kawo shi Santa Verónica a bayan motar kaya tare da jakunkuna da ragar kwanciya, kowa ya yi shiru yana jin nauyi, wa ya buɗe baki? Ita. Da muryar taron safe. «Don Telésforo, doka ba ta san tsufa ba.» Ya kwance da kansa. Ya miƙa mata. Ya ƙara fitowa Asabar biyu, ta uku bai zo ba, ba a sake ganin sa ba. Ba ta taɓa zuwa duba shi ba… me ya kawo shi yanzu? Tafi can. Feda.

Wata leda baƙa ta zo ta gefenta. Tana birgima a kwalta, tana tsalle, ta jera da ita kaɗan kamar za ta gaisa — ta wuce. Ta wuce ta. Ta hau tudun, ta yi gaba.

Gaba?

In iska daga gaba take, leda baya za ta yi. Zenaida ta koyar da wannan, da takarda a bakin taga, aji uku. Iskar Janairu daga arewa take, ta bi bayan mai zuwa Cartagena ta tura shi, shi ya sa ake wannan hanyar a wannan watan, gobe a dawo a bas. Kowa ya sani. Tun safe tura ta ake yi… A'a. Tudun ne ke juya iska. Akwai irin wannan. Akwai.

Nan ne fa. Daidai wannan kwalbatin mai farin fenti, inda aka rubuta sunan wani ɗan takara ruwa ya wanke rabi. Nan kake fara lilo a sirdi, kafaɗa dama, kafaɗa hagu, sai ka ɗaga hannu, ka sauke ƙafa ɗaya, ka dafa ƙirji kamar numfashi ya ƙare. «Seño… minti biyu. Iskata ta tafi yawo.» Kowace Asabar. Shekara huɗu. Ita kuma ta ja birki, ta ja tsaki mai tsawo don ka ji, ta sauko. «Don Evaristo, ga jaki can ya wuce mu. Da kaya.» «Shi ai ƙafa huɗu gare shi, Seño.» Ku tura kekuna a ƙafa, a hankali, har rumfar Petrona mai kwakwa. Kwakwa biyu. Ku huta. Ku ƙarasa. A Santa Verónica ta share ƙofa, ta juya ga jama'a: da ba don wannan tsohon ba, da tun ƙarfe goma na zo na soya muku kifin da kaina! Dariya. Kai ma kana yi, kana ɗaga hula, wai ka amsa laifi.

To yau wa zai sauka? Ba ta taɓa fara sauka ba. Ko sau ɗaya. Kai kake sauka, ita ta sauko dominka. Yanzu babu wanda za a sauka dominsa, ga kwalbatin yana wucewa, a hankali, a hankali, har tana iya karanta rabin sunan… ƙafar dama ta danna, ba ta dawo ba. Ta hagu ta ƙi karɓa. Keken ya tsaya da kansa, yana neman kwanciya.

Tayar ce. Tayar baya, kamar ta yi laushi. Ta sauko — don tayar. Ta sunkuya, ta matsa ta da babban yatsa. Tauri kamar dutse. Ta sake matsawa, ta girgiza kai kamar mai shakka, ta leƙa bawul… wa take yi wa? Akuyar? Babu kowa a hanyar nan, Zenaida, daga ke sai rana.

Tura. A ƙafa. Takalmin keke yana ƙwas-ƙwas a kwalta. Teku a dama, can ƙasa, ruwan ƙasa-ƙasa a bakin gaɓa, kore a tsakiya, tsuntsayen kwasakwasa uku a jere suna bin saman igiyar ruwa ko fiffike ba sa kaɗawa. Shekara nawa tana kallon wannan tekun? Da yana burge ta. Yau dai ruwa ne mai yawa, ba a sha.

In da a gida take yanzu… fanka tana juyi, rediyon maƙwabta, faranti ɗaya a tebur mai kujera shida. Ɗanta a Madrid yana aiko hoton jikoki cikin rigunan sanyi. 'Yarta a Bogotá, kullum mama zan kira ki anjima. Mijin ya fi shekara goma a ƙasa, bishiyar da aka dasa masa har ta yi inuwa. Litinin faranti ɗaya. Talata faranti ɗaya. In ta ci da ƙarfe sha biyu, in ta ci da ƙarfe huɗu, in ba ta ci ba ma, wa ya sani? Amma Asabar… Asabar mutum goma sha bakwai suna zaune da yunwa, manya da su, likitan haƙori, direban tasi, mai kemis, ba mai taɓa cokali sai Zenaida ta zo. Abin da take tsoro ke nan, a faɗe shi kawai: a kwance tsintsiyar nan, babu sauran wuri a duniya da ake jiran ta. Ko kuma ta ci gaba da fitowa, ta zama wadda ake sharewa. Wata ta dinga bin ta a baya tana jan tsaki. Ita! Gara fanka.

Rumfar Petrona. An gode Allah… inuwa dai. Tarin kwakwa a gindin bishiya, adda a kafe jikin kututture, Petrona kan kujerar roba mai ƙafa uku da bulo, tana fifita da murfin kwali.

«Seño! Ke kaɗai? Mutanenki sun wuce tun-tuni, har mai cikin nan. Ina tsohon naki?»

Ba ta ji ba. Wa zai gaya mata, a nan kan tudu?

«Ya rasu, Petrona. Sati uku.»

Fifitar ta tsaya. Petrona ta yi alamar gicciye, ta sumbaci yatsa. «Kai, Uwar Allah. Don Evaristo? Shi ya sa Laraba nawa ke nan ban gan shi ba. Na ce ko ya canja hanya.»

«Asabar,» in ji Zenaida.

«Laraba, Seño. Asabar ai tare kuke. Laraba shi kaɗai yake zuwa.» Adda — ƙau, ƙau, ƙau — kan kwakwar ya tashi. «Ya zo kamar an koro shi. Tudun nan, tun daga ƙasa har sama, ko tashi daga sirdi ba ya yi, yana fito, yana busa waƙa da baki. Sai dai ya ɗaga min hannu. In ce, tsoho, tsaya ka sha ruwa mana, ka taimaki marainiya! Ya ce sai Asabar, Petrona, Asabar nake jin ƙishi. Ya je har Santa Verónica ya dawo kafin in sayar da goma. Ƙarfe ne mutumin nan. Ungo, sha. Kin ga fuskarki kuwa? Zauna.»

Ta karɓa. Sanyi a tafin hannu. Tana sha, ruwan yana gangarowa ta gefen baki, ba ta goge ba. Petrona tana ta magana, me ya same shi, ciki ne, oh, cikin nan ya gama da mutane, ƙanwar mijinta ma… muryar tana can nesa, kamar rediyon maƙwabta.

Yana fito.

Laraba… wani ne dai. Tsofaffi masu keke sun yi yawa a hanyar nan, duk farin gashi, duk sirara. Petrona idonta ya fara — a'a, idon da ke hango ɗan sanda tun daga Puerto Colombia? Yana fito. Kai kam kana fito, Evaristo. A nan ma kana yi, daidai wannan wurin, kuna tura kekuna, wata tsohuwar waƙar rawa, ita tana haki ba ta iya ce maka yi shiru ba. Mutumin da iskarsa ta tafi yawo, da me yake fito? Da me?

Rigarka. Ta sha tsokanar ka a kai. Don Evaristo, kai ko gumi ka yi rowar sa? Busasshiya. Kullum busasshiya, ɗan digo kawai a tsakiyar baya. Tata kuwa a matse a cika kofi.

Shekara talatin kana raba wasiƙu a keke, unguwa-unguwa, da jaka mai nauyin yaro. Ta sani. Kowa ya sani. Shekarunka biyu na farko a Kunkuru a gaba kake, kusa da Wilfrido, har yana maka faɗan ka rage. Sannan rana ɗaya ka dawo baya. Yaushe? Wace shekara? …Shekarar da aka yi mata aikin gwiwa. Ta dawo bayan wata uku, ta ce garau take. Asabar ta farko ta iso rumfar kifi mutane sun yi rabin awa suna jira, ta ce sarƙa ce ta fita. Ta biyu ta ce wata mata ce ta tsayar da ita tambayar hanya. Ta uku — ta uku ka dafa ƙirji a bakin kwalbati.

Ta ajiye kwakwar a kututture. Ta biya. Ko Petrona ta ce a bar shi don mamacin? Ba ta sani ba. Hannunta dai yana kan keke, ƙafafu suna tafiya, ƙwas, ƙwas.

Maƙaryaci. Tsohon maƙaryaci. Ka tsaya a gaban mutane ina kiran ka jaki, ina kiran ka kayan nauyi, na ce a saya maka keken guragu a ranar haihuwarka, na ce a ɗaura maka igiya a motar kaya. Kana ɗaga hula. Wa ya sa ka? Wa ya roƙe ka? Ni 'yar aji ɗaya ce, da za a bar ni in ci tsere don kada in yi kuka? Da ka zo ka ce, Zenaida, kin gaza, sauka — da na ci mutuncinka, da na daina gaishe ka, da na… da na yi fanka shekara huɗu. Faranti ɗaya. Ka sani. Ka taɓa zuwa gidan sau ɗaya, ka kawo famfon iskar da ka ara, ka tsaya a ƙofar falo ka kalli teburin, sai kawai ka ce fankar nan tana son mai.

Haushi take ji. Haushi, da kunya, da wani abu na uku wanda ba ta da ƙarfin duba shi yanzu. Kunyar ta fi yawa.

Dariyar fa? Da ba don wannan tsohon ba… dariya. Wa suke yi wa? Wilfrido da ya yi shekara biyu yana ganin ƙurarka a gaba, shi zai yarda numfashinka ya ƙare dare ɗaya? Aristides da ke sayar maka da magani, wanda ya san ko na hawan jini ba ka sha? Sun sani. Duk sun sani. Mutum goma sha bakwai, Asabar ɗari biyu, suna zaune kifi yana hucewa, suna tafa mata. Tana shara, tana kumbura, hanya fes… Don Telésforo ko Asabar ɗaya ba ta ba shi ba. Ko ɗaya. Yana nan da rai kuwa? A wace unguwa ma yake?

Tudun ba ya ƙarewa. Da yana ƙarewa da wuri, da kana gefe kana surutun banza, farashin kifi, jikarka mai son zama 'yar sanda. Ashe tsayi ne da shi haka. Rana a tsakar ka. Ƙarfe nawa? Kada ta duba. Agogo ba zai ce komai mai daɗi ba. Yanzu suna can, Wilfrido yana kallon hanya, yana kallon direban motar kaya, yana kallon kofinsa. Minti nawa zai ƙara kafin ya ce je ka duba ta? In motar ta ɓullo daga saman nan, shi ke nan, an koma neman tsintsiya. Ko ba ta shiga ba, shi ke nan. To ta ɓullo mana. Ta ɓullo a huta. A ɗora keken a kan jakunkuna, a zauna a gaba, iska tana bugun fuska… a'a. A'a, kada ta ɓullo. Allah kada ta ɓullo.

Ƙwas. Ƙwas. Saman tudu. Allon da ke nuna gangara. Can ƙasa Santa Verónica, rumfunan kaba a jere bakin ruwa, hayaƙin suya yana kwanciya wajen kudu — wajen kudu, ga shi nan ƙiri-ƙiri — kekuna jingine a jikin katanga kamar haƙoran matsefi. Daga nan gangara ce zalla. Ko gawa aka ɗora a sirdi za ta kai.

Akwai mutum a gindin allon.

Ba rawaya ba. Shuɗi. Keke kwance a ciyawa, mace zaune a bakin kwalbati, kai a sunkuye. Yuleidis? Yuleidis da ta tashi tare da Wilfrido a sahun gaba? Me ya… faɗuwa ta yi? Ƙafafun malama sun ƙara sauri da kansu, tsohon hali, ido yana neman jini, gwiwa, gwiwar hannu. Babu jini. Taya biyu cike. Sarƙa a kan haƙoranta.

Yuleidis ta ɗago. Ta ga Zenaida. Sai a lokacin ta fara haki — a lokacin, ba kafin nan ba. Kafaɗa tana hawa tana sauka, ya yi yawa, ba ta iya ba tukuna. Hannun dama ya tashi, ya yi ɗan jinkiri kamar mai tuna darasi, ya sauka a kan ƙirji.

«Seño… gara da kika zo. Ban san me ya same ni ba yau.» Idonta yana kan akuyoyin tsallaken hanya. «Minti biyu. Iskata ce ta… ta tafi yawo.»

Rigar busasshiya. Ko digon tsakiyar baya babu.

Ashe abin da kuke ƙullawa ke nan. Kana kwance, robar ƙarin ruwa a hannu, ciki yana cin ka, romo ba ya shiga — kana koya wa yarinya inda ake dafawa. Har kalmomin. Ba tsintsiyar ka raba ba, kanka ka bar wa wata. Ita kuma ta fara neman hanyar gaskiya ranar Laraba, in bayan ya ishe ki, Seño, aka ce mata ta jira akwati. To ga ta. Mai hawa tudu tana amsa waya, ta zauna a rana, za ta shiga rumfa a ce mata kayan nauyi, ta ɗaga hula.

Abu ne mai sauƙi. A ja tsaki. A ce, ke kuma, duk ƙafafun nan na ado ne? A jira minti biyu, a bi ta a baya har ƙasa. A share ƙofa sau uku. Da ba don wannan yarinyar ba… za su yi dariya. Za su tafa. Asabar mai zuwa ma. Da ta bayanta. Shekararta talatin da biyar, tana da sauran Asabar da yawa da za ta ƙona a bakin kwalbati. Sai dai yanzu Zenaida ta san sautin dariyar. Za ta iya cin kifi a cikinta?

Ko kuma… hannunta ya riga ya je baya, ƙarƙashin sirdi, ya sami igiyar. Ɗaurin zarge ne, ita ke yin sa kowace Asabar. Ja ɗaya. A miƙa. Ungo, 'yata, doka ba ta san — a'a, wannan maganar ba za ta sake fita daga bakin nan ba. A miƙa dai. Sannan a gangara a gaba, wata a baya tana kallon bayanta, tana taka birki don kada ta wuce ta. Sannan Litinin. Sannan Asabar ta zama Litinin.

Wanne ne cin amanarka, Evaristo? In na karɓa, ko in na ƙi? Shekara huɗu ka gina abin nan, tsoho, ba ka bar min takardar yadda ake rushe shi ba. Kai da aikinka kai wa mutane wasiƙa.

Yuleidis tana ta haki. Ta fara gajiya da shi, tana satar kallo ta gefen ido, ko ya isa haka? Tsoro ne a fuskarta, irin na yaron da ya haddace karatu yana jiran a ce ya ci ko ya faɗi. Can ƙasa wani ya fito bakin rumfa, ya sa hannu a goshi yana duban tudu. Rawaya. Yunwa ta ishe shi, bawan Allah.

Igiyar tana tsakanin yatsu biyu. Ba ta ja ba. Ba ta saki ba. Bakin kwalbatin nan akwai wuri, siminti ne mai zafi amma wuri ne…

«Matsa,» in ji Zenaida.

Minti biyu, aka ce. To. Minti biyun dai… a bar ta ta zauna tukuna.